Ranar da Na Juye wa Dutsen Kagoro Tulun Ruwa

Ko da zan manta da yawan shekaruna, ba zan manta da wata Juma'a a gindin Dutsen Kagoro ba. Mu biyar ne a wurin: hedimastan makarantar mishan, wanda shi ne shugaba, da akawun reluwe daga Kafanchan, da malamin asibiti, da matar fasto, sai ni da ban taɓa riƙe alli ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna.

Ma'aikata ne suka kafa ƙungiyar hawan dutse, suna fita ran Asabar shan iska. Da wani sabon shiga ya gurɗe ƙafa, sai aka naɗa mu kwamitin koyar da hawa, aikin sa kai, ba ko sisi. Ni an saka ni ne don a saman dutsen aka haife ni, na girma ina saukowa da itace a ka. Amma na lura, in an zauna, ba a tuna da ni sai ƙishi ya kama su.

Tun da rani akawu ya bi dutsen da bokitin farar ƙasa, ya zana kibiyoyi a hanya mafi kusa, bisa wani baƙin layi da ya sauko santal daga sama. Ni sai ranar Juma'ar nan na ga kibiyoyin. Ga damina ta faɗi, washegari kuma za a hau da 'yan mata goma, waɗanda ko suri ba su taɓa hawa ba.

Na ce wa hedimasta, "Malam, wannan ba hanyar mutum ba ce. Hanyar ruwa ce."

Akawu ya yi dariya. "Haba Mama! Sau bakwai na bi ta. Mun auna da igiya, ga shi nan a takarda."

"Da rani ka bi."

"Dutse ai dutse ne, Mama, ko rani ko damina."

Hedimasta ya ce a ɗaga hannu. Maza uku suka ɗaga, matar fasto ta ɗaga nata rabi tana kallon ƙasa. Shi ke nan, gobe da 'ya'yan mutane za a bi layin nan.

Sai na miƙe. Na ɗauki tulun ruwan shansu, na hau ta gefe kamar taku goma, na juye shi duka a kan baƙin layin. Na ce, "Akawu, zo karɓi tulun nan, hannuna ya gaji."

Ya taho da takalmansa masu tsada. Taku ɗaya, biyu, a na uku ƙafafu suka ƙi shi. Ya zauna daɓas, ya sulalo har gaban matar fasto, farin gajeren wandonsa ya koma kore. Ta ce, "Wayyo Yesu!" sannan ta toshe baki da bakin zane. Malamin asibiti kuwa har da riƙe ciki.

Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Wannan tulu ɗaya ne, kuma a nan ƙasa. Can sama, inda kibiyarka ta bi bakin rami, wa zai tare yarinya? Me za mu gaya wa uwarta?"

Hedimasta ya naɗe takardarsa ya ce, "Mama, koya mana."

Na koya musu kuwa. Baƙin nan gansakuka ce ta bushe, ruwa kawai take jira. A bi inda aka ga kashin awaki, don akuya ba ta taka wurin banza. In za a sauko, a fuskanci dutse, kada a ba shi baya. In hadari ya haɗo gabas, a juya, ko saura taku uku a kai. Malamin asibiti na rubutawa har fensirinsa ya dakushe. Akawu kuma, in ba shi haƙƙinsa, ya fi kowa tambaya, yana tsaye don zama ya gagare shi.

Abin da na koya ke nan: in kana da gaskiya aka fi ka baki, kada ka tsaya gardama, kai mutum inda zai taɓa ta da jikinsa.

Washegari da sassafe na jera 'yan matan a gindin dutse, na sa kowacce ta cire takalmi, na wuce gaba ta hanyar awaki. Goma na ƙirga muna hawa, goma na miƙa wa iyayensu kafin la'asar.