Kawu Sule da Sawun Ɓarawon Zakara

Duk wanda ya zauna a Malali ya san Kawu Sule da "Kada a taɓa!" Ko kofi ne ya faɗi, sai ya zagaye shi da gawayi kafin a ɗauka. Muna dariya, amma mun san mafarin. Ɗansa Nura aka daɓa wa wuƙa a ƙofar shago, maƙwabta suka wanke jinin, aka binne shi kafin azahar. A babbar kotu aka nemi rahoton likita, babu, aka sallami wanda ake zargi. Kawu ya garzaya kotun Musulunci, aka ce ba huruminsu ba ne, kuma wa ya gani da ido? Tun daga nan Kawu ya zama ɗan sandan kansa.

Ranar da aka sace zakaransa, ya ga sawu a bakin akurki, ya kife shi da tukunyar tuwon matarsa, Goggo.

"Malam, da me zan yi girki?"

"Ku ci rogo. Hujja ce a ƙasa."

Da ya tara mu ana gwada ƙafa, wallahi sawun bai dace da kowa ba sai shi. Ko a jikinsa. Ya ce, "To, an sallami kowa. Ni kuma ina da lauya."

Da nama ya ɓace a miya, har liman da ya zo gaisuwa sai da aka sansana wa hannu. Ashe mage ce. Kawu ya ce ba shi da hurumi a kan dabba.

Wata rana ya ji a rediyo ana gano mai laifi ta ɗigon jini. Ya ɗauko rigar Nura da ya adana shekaru, ni na raka shi wurin wani likita a unguwar Doka. Likita ya juya ta, ya ce an wanke ta tas, ba abin da ya rage. Goggo ce ta wanke ta, ba ta iya kallon jinin ɗanta ba.

Da muka iso ƙofar gida, ya juyo gare ni. "Kada ki gaya mata. Uwa ce."

Na yi kuka ranar, har yau abin na cina. Ya rasu bai faɗa mata ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya wa Goggo. Ya Allah, kai ka ga wanda ya riƙe wuƙar, ka bi wa Nura haƙƙinsa.