Ƙafar Baba da Hanyar Gandu

Har gobe idan na ga manyan mutane sun fito da sassafe cikin fararen takalma suna zagaye filin ƙwallo, wai motsa jiki suke yi, ana ta rusuna musu ana cewa Allah ya ƙara lafiya, sai raina ya ɓaci. Abin da mahaifina ya yi ke nan, ba ƙari ba ragi. Shi kuwa mutanen unguwarmu a Gumel mahaukaci suka mayar da shi, da hakan bai ishe su ba suka ƙara masa da ɓarawo.

Baba direban babbar mota ne. Gumel zuwa Maigatari, Maigatari zuwa Damagaram, wani zubin har Kano. Gyaɗa, kanwa, fatu, awaki, babu abin da bai ɗauka ba. Shekarar da aka koma tuƙin hannun dama shi ya riƙa yi wa direbobin tasha dariya, don shi hannunsa ya daɗe da sabawa a ƙetaren iyaka. Mutum ne mai jiki, mai son tuwo da man shanu, wanda ko masallacin Juma'a da ƙyar yake yarda ya je a ƙasa. Ba da daɗewa ba bayan farin nan da ya kashe shanu, wata safiya ya sunkuya zai ɗauki buta, sai ya kife. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka kwana biyu a asibiti baki ya dawo, hannu ma ya dawo, ƙafar ce ta tsaya gardama.

Ni a lokacin aurena ya mutu, na dawo gida ina koyarwa a firamare, saboda haka ina tsaye a gefen gado ranar da za a sallame shi. Da kunnena na ji likita ya ce masa, "Ƙafar nan ba ta mutu ba, amma idan ka zauna mata za ta mutu. Kullum ka fita ka yi tafiya, ko ba ka da wurin zuwa. Idan ka bar ta ta sandare, ni ma babu abin da zan iya yi maka."

Baba ya ɗauki maganar da gaske, abin da ya ba mu mamaki duka. Sai dai wanda ya san lungunanmu ya san rairayi ne zalla. Mai lafiya ma nutsewa yake, balle mai jan ƙafa. Ya gwada, jakai suna ture shi, yara suna binsa, ya dawo yana haki ransa a ɓace. A nan ne ya tuna da gandun daji da ke bayan gari, wanda gwamnati ta killace ta hana sara.

Akwai hanya a cikin gandun wadda ma'aikatan daji suka share saboda gobara, kuma ba a hana kowa binta ba. Ni na san ta tun ina yarinya muna zuwa tsintar magarya da aduwa. Shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara, ƙasarta a dake take saboda ganyen da ya daɗe yana ruɓewa a kanta. Daga bakinta darbejiya ce a jere, inuwa ta haɗe sama. Idan ka ɗan nutsa sai marke da kalgo da sabara su karɓe ka, can ciki kuma akwai wata tsamiya da saiwarta ta fito waje, daidai zaman mutum. Wallahi ko da gangan aka yi hanyar don mai ciwon ƙafa, iyakarta ke nan.

Wata Asabar na matsa sai na raka shi. Muna tafe a hankali, yana dogara sanda, kurciyoyi suna ta kuka, zabin daji suka tashi a gabanmu fir, har ya yi tsalle ya manta da ƙafar. Ya yi dariya ya ce, "Malama," haka yake kirana tun da na fara koyarwa, "na yi shekara da shekaru ina wuce dajin nan a mota, ashe ban taɓa ganinsa ba." Da muka kai tsamiya ya zauna, ya ɗaga ƙafar hagun ya motsa mini yatsunta. Biyu suka motsa. Na kusa yin guɗa a tsakiyar daji.

To, ga inda masifar take. Kafin ka kai gandu daga gidanmu dole ka bi ta gindin wani ɗurumi inda dattawan unguwa suke zama, kuma shugaban wannan majalisa maƙwabcinmu ne, mai sayar da goro, mutumin da idonsa ba ya barin kowa ya wuce. A wurinmu kuwa mutum ba ya tafiya haka kawai. Ko gona za ka, ko kasuwa, ko gaisuwar mutuwa, ko biko, dole dai akwai inda ƙafa ta nufa. Ranar farko mai goro ya ce, "Malam, sai ina da sanyin safiya haka?" Baba, da yake mutum ne da bai iya kwana-kwana ba, ya ce, "Ba ko'ina. Tafiya kawai zan yi in dawo."

Shi ke nan fa! Da ma ya ce musu zai je satar akuya da ya fi sauƙi. Ya yi musu bayanin likita, suka ce to, to, Allah ya sawwaƙe, yana juya baya suka haɗa kai. Wane irin magani ne wannan da babu allura babu ƙwaya? Ai ciwon ya taɓa kansa. A'a, ai iskokin tsamiyar nan ne suka kira shi, su ne ma suka buge shi tun farko. Wata tsohuwa ta rantse an gan shi zaune yana magana shi kaɗai yana kallon ƙafarsa. To da me zai kalla, ƙafar wani? Ranar da na raka shi kuwa sai aka ce 'yar bokon ce take kai shi wajen boka. Har a makaranta wata malama ta ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, tana ba ni sunan mai ruƙiyya a Ɗanzomo. Na ce mata ta riƙe abinta, wataƙila gidansu a buƙace shi.

Baba ya hana ni sake raka shi, amma shi bai fasa ba. Kuma ƙafar tana ta samun sauƙi, kowa yana gani da idonsa. Wanda da sai an tallafe shi ya shiga banɗaki, ya koma yana zuwa masallaci shi kaɗai, har yana mance sanda a zaure. Amma babu wanda ya ce tafiyar ce. Cewa aka yi iskokin sun fara biyansa.

Wanda ya fi damuwa da abin shi ne Baffa, yayan Baba, wanda yake noma a wajen Sule Tankarkar. Maganar ta kai masa har can, ya hau jaki ya zo musamman. Na kai musu fura a zaure na tsaya daga bakin ƙofa, don ban ga dalilin da zai sa in tafi ba.

Baffa ya ce, "Ka zubar mana da mutunci. Kana da 'ya'ya mata a gida, wa zai nemi 'yar wanda ake cewa ya taɓu? In dai dole sai ka yi yawon nan, to ka rataya gatari. Wanda ya ga gatari a kafaɗarka ya san aiki za ka."

Na ce, "Baffa, gandun gwamnati ne fa. An hana shiga da gatari."

Ko dubana bai yi ba. Ya ce, "Ke, bokonki ya ishe mu haka. Sara aka hana, shi kuwa ba sara zai yi ba."

Na kalli Baba ina jira ya yi magana. Mutumin da gemunsa ya yi fari, wanda ya yi faɗa da 'yan kwastan na ƙasa biyu, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya." Ƙani dai ƙani ne a gidanmu ko ya yi jika. Haushi ya sa ranar ko abinci ban ci ba.

Abin takaicin, dabarar ta yi aiki. Washegari Baba ya fita da tsohon gatarin Inna a kafaɗa, mai ciwon ɓarin jiki ɗauke da ƙarfen da ba shi da amfanin komai gare shi, sai ga majalisar ɗurumi tana cewa, "Sannu da himma, Malam! A dawo lafiya!" Babu wanda ya tambayi ina itacen da yake sarowa. Kullum ya tafi da gatari ya dawo da gatari, hankalin kowa ya kwanta, mahaukaci ya warke. Ku ji mutane fa, don Allah!

Tsohon malamin dajin da ke tsaron wurin ya san Baba, ya san lalurarsa, har sukan zauna tare a gindin tsamiya. Sai aka yi masa canji aka kawo wani sabo daga wajen Gagarawa, mai sabon kaki, yana neman abin da zai nuna wa na sama da shi. Aka kuma yi rashin sa'a wasu suka shiga suka sassare rassan marke. Da safe ya bi sawu, sai ga dattijo a tsakiyar gandu da gatari a kafaɗa. Me kuma ya rage? Baba ya ce masa ya dubi bakin gatarin, tsatsa ce, ko kara ba zai yanka ba. Ya ce masa likita ne ya sa shi tafiya. Malamin daji ya ce, "Likitan ne ya ce ka zo da gatari?" Gaskiyar kuwa ta fi ƙarya wuyar faɗa.

Ya tasa shi a gaba, shi yana biye riƙe da gatarin a sama yadda kowa zai gani. Suka bi ta gindin ɗurumi, suka ratsa bakin kasuwa, suka wuce tasha inda yaran motar da Baba ya koya wa tuƙi suke tsaye. A majalisar ɗurumin nan kaf, waɗanda kullum suke ganin ya dawo ba ko itace ɗaya, babu wanda ya miƙe ya ce tsaya, mun san mutumin nan. Ina cikin aji aka zo aka gaya mini. Na bar alli a ƙasa na fita da gudu ko mayafi ban gyara ba, na same su sun kusa ofishin ma'aikatan daji. Abin da na fara lura da shi, Allah ya gani, shi ne Baba ya ratso garin nan tun daga gandu bai faɗi ba, bai ko dafa bango ba. Ƙafar ta warke har haka.

Shugaban ofishin ya san Baba, ya ba shi haƙuri, ya sallame shi nan take. Amma wa ya ga haƙurin? Tafiyar aka gani. Kafin la'asar zance ya juya: ashe ba hauka ba ne, itacen gwamnati yake sarewa yana ɓoyewa, da dare a kwashe. Mai goro har da cewa shi da ma ya yi zargin haka.

Baba bai sake taka hanyar gandu ba. Na roƙe shi, na yi kuka, na yi faɗa, na ce zan riƙa raka shi kowa ya mutu. Na tuna masa maganar likita. Ya ce, "Malama, da suka ce na haukace na jure, don hauka daga Allah ne. Amma na gama rayuwata ina ɗaukar dukiyar mutane a mota, ko ƙwayar gyaɗa ba a taɓa nema a hannuna ba. Ba zan sake bi ta gaban mutanen nan ba." Na ce to ya zagaya tsakar gida. Ya gwada, amma tsakar gidan namu taku kaɗan ne ka ci karo da turken awaki, ga rairayi. Ya yi kwanaki ya bari. Baffa kuwa da aka aika masa, cewa ya yi ƙaddara ce. Ƙaddara ce ta hau jaki ta zo har zaurenmu?

Damina ta shigo ta same shi a zaune. Yatsun suka daina motsi, gwiwa ta ƙage, sandar da yake mancewa ta koma ba ta isarsa. Kafin a gama girbi sai an kama shi ta hagu da dama ake fito da shi zaure ya sha iska. Na mayar da shi asibiti, likita ya lanƙwasa ƙafar ta ƙi.

Wata ranar da yamma ina zaune kusa da shi ina shafa masa man zafi, sai ga mai goro ya yi sallama, ya zo dubiya. Ya zauna, ya miƙa goro, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya dubi ƙafar ya girgiza kai, ya ce, "Malam, zaman nan fa ba shi da kyau. Ai da ka riƙa ɗan tattakawa. Na ji an ce tafiya tana taimakon irin wannan ciwon."

Na buɗe baki, abin da ke kan harshena da ya fito da har yau ana ba da labarinsa a unguwar, sai Baba ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan nawa. Ya ce, "Malama, sanyi ya fara. Mayar da ni ciki."

Babu kowa a gidan sai ni da Inna, ita kuma tana salla. Na dubi mai goro na ce, "Taso ka kama mini ɗaya hannun." Ya taso. Muka ɗaga shi, nauyinsa duk ya koma ɓangaren mai goro, na ji mutumin yana nishi. Muka bi ta soro muka shiga tsakar gida, ƙafar hagun tana jan ƙasa a bayanmu, Baba yana ce masa sannu, sannu, ka yi haƙuri na wahalar da kai.