Alwala a gindin darbejiya

Jiya ina alwala a famfo a gidanmu na Umdurman, ruwa yana ta kwarara cikin kwata, sai Inna ta zo ta kashe famfon, ta miƙo mini buta.

"Tashi ka je gindin darbejiya."

Na ce, "Wace darbejiya kuma, Inna? Ai an sare ta tun da aka gina shagon lemo a ƙofar gida."

Sai ta nuna mini wani ɗan tsiro da ta dasa a jikin katanga.

"Ga wata nan. Mahaifinku bai taɓa barin ruwan alwalarsa ya tafi a banza ba. Shi ya yi salla, itace ya sha. Ku kuwa kuna ta sayen fanka, kuna zagin zafi, kuna zubar da ruwan Allah a kwata."

Nan take na tuna Baba, Allah ya jiƙansa. Idan ya dawo daga shagon ɗinkinsa a kasuwa, a gindin bishiyar nan yake tsugunawa da butarsa. A inuwarta muke shan shayi da maƙwabta, ba ruwanmu da wutar lantarki. Yau wurin robobin lemo ne birjik, zafi kullum ƙaruwa yake yi, kuma in aka ɗauke wuta ba mu da wurin fakewa.

Na tsuguna na ƙarasa alwalar a kan tsiron. Inna ta tsufa, ta san da wuya ta zauna a inuwarsa, amma ta dasa.

Ku fa, ruwan alwalarku ina yake zuwa?