Iccen Tsibiri da Sanƙon Mutanen Ruwan Godiya

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Baturen daji ya tuɓe hularshi gaban wanzami ba. A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, ina lebura a gandun renon itatuwa na En'e a Ruwan Godiya, ƙasar Faskari. Sama da lebura akwai helma, sai malamin daji, sannan Bature mai zuwa rangadi.

Da kaka Baturen ya kawo wani ɗan icce cikin gwangwani, wai daga wani tsibiri can tsakiyar teku. Ba ya zubar da ganye, rani da damina. Ya ce in ya tarar da shi kore da bazara, na zama helma; in ya mutu, in koma gida noma.

Na bi ƙa'ida: inuwar zana da rana, ruwa safe da yamma, takin da ya ruɓe, shingen ƙaya saboda awaki. Ashe ba awaki ne abin tsoro ba! Malam Ɗanjuma wanzami ya ce wa masu aski iccen da ba ya zubar da ganye dole ya hana gashi zuba. Wallahi har daga Ƙanƙara da Sabuwa masu sanƙo suka riƙa zuwa. In na tafi rijiya, kowa ya tsinki nashi. Kafin bazara iccena ya koma tsinke, ya bushe. Na yi baƙin ciki har abinci ya fita raina.

Ran rangadi Bature ya dubi tsinken, ya dube ni. Malamin daji ya fara kame-kame, sai ga Malam Ɗanjuma da zabirarshi.

“Ranka ya daɗe, kada a kori bawan Allah. Mu muka ci iccen. Amma zo ka ga.”

Muka bi shi gida. Ashe ya gaji da zarya, ya karyi rassa ya kafa inda yake alwala. Ruwa sau biyar a rana, ga inuwar katanga. Sun kama, ganye shar, har sun fi uwar.

Bature ya tambayi dalilin tsinkar ganyen, wanzami ya faɗa, malamin daji ya fassara mashi yana sunkuyar da kai. Sai ya tuɓe hula, kai tal kamar ƙwarya, ya ce da Hausarshi, “Yana aiki?”

Wanzami ya duba da kyau ya ce, “Naka ya wuce magani, ranka ya daɗe.”

Dariya har da hawaye. Na samu helma, da umarnin raba rassa ga duk mai so.

Ku da kuka shigo aikin daji yanzu, ku riƙe wannan: iccen hukuma kowa tsinka yake, amma wanda mutum ya kafa a gidanshi, ko ɗanshi bai isa ya taɓa ba.