Eriyar da Na Sauke da Hannuna

Mu bakwai muka kafa ƙungiyar, dukanmu masu gyaran rediyo: huɗu a Sabon Garin Gusau, biyu a Tsafe, ɗaya a Bungudu. Da tarkacen tsofaffin akwatunan rediyo muka harhaɗa na'urorin da muke magana da juna ta iska. Eriyata a kan doguwar gora na ɗaure ta, ana hangenta tun daga bakin titi. Da wayar salula ta shigo, sai unguwa ta mai da mu abin dariya, wai tsofaffi masu hira da ƙarfe.

Lokacin da aka katse layukan waya saboda 'yan bindiga, maƙwabcina, wanda ya fi kowa yi mini dariya, ya faɗo zaurena ido ya raina fata. Mahaifiyarsa na kwance a Tsafe, bai san halin da take ciki ba. Na kira abokina na can ta na'urar, ya taka har gidan, ya dawo ya ce ta sha kunu, tana gaida ɗanta.

Ba a rufa mako biyu ba, mutumin nan ya tsaya a ƙofar masallaci yana nuna gorata da baki, ya ce, "Wa ya san da wa Malam yake magana a daji?" Ya sani sarai, a lokacin wannan magana ta isa ta sa a kashe mutum. Na yi masa rana, ya yi mini dare.

Da la'asar na sauke eriyar da hannuna.

Har yau yana gaishe ni, ko kunya babu. Ni kuwa sai in dube shi in ce, "Ya jikin Inna?"