Batirin Yaya Ya Yi Ciki

Yayana mai hoto ne. Shekara talatin da ɗaya yana tsaye a jikin katangar ofishin da ake yin katin shaida, da kujerar katako guda, da farin ƙyalle da yake ratayewa a ƙusa biyu. Duk mai neman kati sai ya fara zama a kujerar nan kafin ya shiga ciki. Ni ce autar gidanmu, kuma har yau da furfura a kaina Auta yake ce mini. Da matarsa ta rasu, ni ma nawa auren ya mutu, sai na kwaso keken ɗinkina na dawo gidansa. Zamanmu lafiya lau, in ban da mitar da yake yi kullum wai na cika masa gida da guntayen zare.

Wata safiya ina kallonsa yana zuba shayi a gefen kofi. Yana zubawa yana ba ni labari, shayin na malala a kan tebur, bai sani ba sai da ya ɗigo masa a gwiwa. Da ƙyar da rigima na ja shi asibiti. Likita ya ce jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, magani zai iya rage mata gudu, amma abin da ya tafi ya tafi. Tun a bakin asibitin Yaya ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Mutum ɗaya ofishin yake bari ya yi hoto a ƙofarsa, kuma akwai mutum uku da suka daɗe suna zagaya wurin da sababbin kayansu. Ranar da aka ji mai hoto ba ya gani, ranar za a ɗauke kujerarsa.

Abin da ya rufa masa asiri kyamararsa ce. Tsohuwa ce, baƙa, mai nauyi, shekara goma sha huɗu tana hannunsa. Kowane maɓalli nata yatsansa ya san shi, har fentin ya goge a inda yake taɓawa. Daga kujera zai taka huɗu da baya, ya tsaya a kan wata tsaga a siminti da yake ji ta ƙasan takalminsa. Mutum inuwa kawai yake zame masa a kan farin ƙyalle, amma inuwar ta ishe shi. Sai ya saita, kyamarar ta yi ɗan kuka sau biyu, ya danna. Na taɓa cewa mu nemo masa ta zamani, ya ce in rufa masa asiri, waɗannan duk shafa gilashi ake yi, da rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, shi da me zai karanta?

Batura uku ta zo da su. Biyu sun daɗe da mutuwa. Na ukun ne ya fara iskanci, a yi masa caji tun safe, kafin rana ta take ya sauke. Sai hotuna suka fara fitowa an yanke saman hula, wani lokaci kunne ɗaya babu. Yaya ya ce batirin ne, in ba shi da ƙarfi kyamarar takan yi jinkiri har hannu ya kauce. Ni me na sani a kan kyamara? Na yarda, don ina son in yarda.

Ranar wata Talata ya dawo gida tun kafin sha biyu, ya ajiye kyamarar a tebur ya ce in taɓa. Zafi rau, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi yana fitowa daga gindinta. Murfin batirin ya ƙi buɗewa. Ya sa gindin cokali yana ɓamɓara, fuskarsa dab da ita don ba ya gani, ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa, ina cewa ya janye kansa kada ta fashe masa a ido. Ya ce idon da me ya rage a cikinsa. Da batirin ya fito sai ya ɗora shi a kan gilashin tebur ya ɗan buge shi da yatsa. Lafiyayyen batir a kwance yake tsayawa, wannan kuwa ya yi ta juyi a kan tumbinsa.

Yaya ya saurari ƙarar juyin, sannan ya ce, "Ya yi ciki, Auta. In ya haihu, wuta zai haifa."

Na binne shi a bokitin yashi a tsakar gida, nesa da ɗakuna. Yaya ya aika wa ofis cewa kyamara ce ke wurin gyara, suka ce su dai mako uku za su iya riƙe masa wurin.

Shi ba ya iya shiga kasuwa, don haka ni na zama idonsa da ƙafarsa. Na ƙulle ɗaya daga matattun baturan a leda na shiga layin masu kayan lantarki na hannu. Kai, na ga wulaƙanci! Wani ya juya batirin ya ce ai kamfanin ma ya manta ya taɓa yin irinsa. Wani ya kira maƙwabcinsa su taru su yi dariya, wai ko daga kabari na tono shi. Wani mai zaƙin baki ya haɗa ni da wani batir mai kama da namu sak, na kai gida, Yaya ya shafa bakinsa da babban yatsa ya ce haƙoransa uku ne, namu huɗu. Na sake samo wani da takardarsa sabuwa fil tana ƙyalli, ya shiga daidai, kyamara ta kunna, na fara hamdala, kafin in rufe baki ta mutu. Na koma da shi na zazzage wa mai shagon abin da ke cikina, har sai da mai gyaran rediyo na kusa da shi ya ce, Mama, ki bar wahalar da kanki, ki je wurin Mai Gawa.

A bakin masu sana'ar, kyamarar da ta mutu gawa ce, ana sayenta don a cire abin da ya rage mai amfani. Shagon mutumin yana can ƙarshen layi, ƙarƙashin matakalar bene, sai ka sunkuya za ka shiga. Na zaci zan tarar da ƙazamin tsoho. Ashe mutum ne tsaf-tsaf, farcensa a yanke, muryarsa ƙasa-ƙasa, har da kakkaɓe mini benci. Bayansa kanta ce har sama cike da kyamarori, wasu ba ido, wasu an farke cikinsu, kowacce da 'yar takarda a ɗaure a wuyanta, an rubuta laƙabin mai ita. Na gane biyu a ciki, abokan Yaya ne, kuma na je gaisuwar mutuwarsu duka.

Ban faɗi ko ni wace ce ba. Ya dubi batirin sau ɗaya ya ce ai ke ce ƙanwar mai hoton ofis. Sannan ya tambaye ni yaya idon nasa.

Na ce idonsa ƙalau, wa ya ce masa wani abu? Ya yi murmushi ya ce ba wanda ya ce, shi dai yana yawan zama wurin masu wankin hoto, kuma hula ba ta yanke kanta. Ya ce irin wannan batir ba ya fitowa kasuwa sai mai shi ya bar aiki ko ya bar duniya. A duk garin saura mutum biyu masu irin kyamarar, Yaya da abokinsa Dogo, kuma Dogo na da batura biyu lafiyayyu, shi da kansa ya taɓa gwada su.

"Ni dai ɗaya daga cikinsu nake jira, Hajiya, in gyara wa ɗayan," in ji shi. "Ko wacce ta fara zuwa."

Na fito ban yi masa sallama ba. Har na kai titi ina jin kamar idonsa na bayana.

Dogo abokin Yaya ne tun suna samari, rana ɗaya suka sayi kyamarorin a shago ɗaya. Shi mai hoton taro ne, kuma ba su taɓa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba, wannan ya ce hoton wancan kamar na ɓarawon da aka kama, wancan ya ce na wannan ko uwar mutum ba ta gane shi. Wata biyar ke nan yana kwance da ciwon ƙirji. Yaya bai je duba shi ba ko sau ɗaya, don tsoron kada Dogo ya gane, sai dai ya aike ni. Da na kawo maganar baturan, Yaya ya daka mini tsawar da bai taɓa yi mini ba. Ya ce mutum na kwance zan je in cire masa batir, me ya raba ni da Mai Gawa?

Na bar maganar kwana huɗu. Saura kwana uku wa'adin ofis ya cika, na ga Yaya zaune a tsakar gida da kyamarar a cinya, yana danna maɓallanta ɗaya bayan ɗaya, ba ta ce masa komai. Na ɗauki mayafina na fita.

Dogo ya rame har tsawon nasa ya zama abin tsoro a kan gado. Na gaishe shi, na yi masa sannu, na zauna kusa da matarsa. Jakar kyamarar na rataye a bango saman kansa. Na rantse ban yi niyyar kallonta ba, amma idona ya yi ta komawa can, kuma na tsani kaina a ranar. Dogo ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce wannan kallon ya san shi, don Mai Gawa ya zo dubiya sau biyu, shi ma bango yake gaisarwa. Na fashe da kuka na gaya masa batun batir da wa'adi, amma ban faɗi na ido ba.

Ya ce matarsa ta sauko da jakar. Ya ba ni duka biyun, da sharaɗi guda. Shekara arba'in yana ɗaukar mutane, 'ya'yansa ba su da hotonsa na kirki ko ɗaya. Ya ce ragon yayan nan nawa ya zo da ƙafarsa ya ɗauke shi hoto.

Yaya bai yi mini faɗa ba. Ya sa batirin, kyamarar ta farka, ya kara ta a kunne yana murmushi. Washegari da hantsi muka tafi, yana gaba da jakarsa a kafaɗa kamar kullum, ina baya ina yi masa tari in akwai rami.

Matar Dogo ta rataye farin zanin gado a jikin ƙofa, muka tallafo Dogo mu biyu muka zaunar a kujerar roba. Ya sa riga mai kyau da ta yi masa yawa. Suka taɓa tsiyarsu kaɗan. Yaya ya dafa kujerar, ya taka huɗu da baya, ya ɗaga kyamara. Ina tsaye a kafaɗarsa, ina ganin ɗan allon bayanta. Ya danna. Zanin gado ne ya fito, da gefen kafaɗa ɗaya.

Dogo ba ya ganin allon, amma mai hoto ne, ya ga inda idon kyamarar ke kallo. Ya dubi Yaya, ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

"Sake," in ji shi. "Na ƙifta ido."

Ya dafa hannun kujerar, ya ja ta gefe da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Matarsa ta yunƙura za ta taimaka, ya ɗaga mata yatsa. Yaya ya danna, rabin fuska ya fito. Dogo ya ce hularsa ce ta karkace, ya sake jan kujerar, gumi na tsattsafo masa a goshi. A karo na uku ya ce bai shirya ba, ya ja, ya miƙe wuya, ya kai fuskarsa daidai inda kyamarar take nuni, ya riƙe numfashinsa don kada tari ya zo. Hoton ya fito, mutum a tsakiya, yana murmushi. Aka miƙa masa ya duba, ya ce to, ba laifi, wannan karon ko uwarsa za ta gane shi. Muka mayar da shi gado yana haki.

Mun fito lungu, rana tsaka, mutane na wucewa. Ina ta surutu, ina cewa gobe sai ofis, zan wanke masa ƙyallen yau in goge. Yaya ya tsaya cak.

"Auta, ƙyallen na gani. Shi ban gan shi ba."

Na ce ai ɗakin ne ba haske.

"Sau uku na ji ƙarar kujerar. Shi ya matso, ko?"

Na so in yi ƙarya, Allah ya sani na so. Na ce e, Yaya, shi ya matso.

Ya daɗe a tsaye, wani mai babur na yi mana hon mu ba shi hanya. Sannan ya zare jakar daga kafaɗarsa, ya lalubo tawa kafaɗar ya rataya mini. Ban taɓa sanin tana da nauyi haka ba. Ya kama gwiwar hannuna a gaban kowa ya ce in kai shi gida, kuma in akwai rami in faɗa masa da baki, in daina tari.