Ranar da Na Ce wa Yaya Lawali "Ba Komai"

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Yaya Lawali makwancinsa a Ƙaura Namoda, kuma har yau kalma biyu da na faɗa masa suna hana ni sakat.

Lokacin da jiharmu take sabuwa, aka kuma fara Shari'a, ya buɗe shagon buga takardu da tsohuwar kwamfuta. Ni mai gyaran rediyo ne, karatuna bai wuce firamare ba. Idan masu takardun kotu suka watse, sai Yaya ya zauna yana buga abin da ya ji daga bakin tsofaffin ƙauyenmu da ke bayan Kurya Madaro: wanda ya haƙa kowace rijiya, iyakar kowace gona, inda burtali ya bi. Littattafan da ya fara rubutawa da hannu gara ta taɓa su, saboda haka ya mayar da komai cikin na'urar.

Da akwatin wutarta ya ƙone, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, ƙarami kawai muka samu. Muka sa. Kwamfutar ta riƙa mutuwa da kanta, fankarta na kuka, wani wari na tashi. Na san ƙaramin akwati mai kyau kashe kansa kawai yake yi. Na banza kuwa ba ya mutuwa shi kaɗai. Wannan ko suna babu a jikinsa.

Ya tambaye ni, yana dariya: "Sarkin tsoro, wanga akwati zai ɓata min kaya? Ko da yake kai ko ruwan randa tsoro kake ya ci ka."

Mutanen shagon suka kwashe da dariya. Ni da nake gargaɗi a kan komai, ranar na gaji da zama abin dariya. Na ce, "Ba komai, Yaya."

Ba a yi wata ba akwatin ya ƙone, ya tafi da faifan da kwamfutar ke ajiye komai a ciki. An kai Gusau, an kai Kano, ba a ciro ko harafi ba. Yaya bai taɓa zargina ba. Cewa ya yi, "Sani, tsofaffin suna nan, mu sake." Ciwo ya riga shi.

Yau tsofaffin sun ƙare. Ƙauyen ya watse saboda 'yan bindiga, ciyawa ta rufe rijiyoyin. Idan Allah ya sa aka koma, wa zai nuna wa yara iyakar gonar kakansu? Me Yaya zai ce da ya ga 'ya'yansa na tambayata sunan rijiyar ƙofar gidanmu, ina kame-kame? An ce da-na-sani ƙeya ce. Tawa ta yi nauyi.

Abin da ya rage shafi ɗaya ne da ya buga don gwada tawada. Rijiyoyi huɗu ne a ciki, ta biyar ta yanke a tsakiyar sunanta. Allah ya jiƙan Yaya Lawali. Ni kuwa na tambayi duk wanda na sani, babu mai iya ƙarasa min sunan.